Ragowar Jarka da Sunan 'Yar Kubura

Ku matso kusa, a rage hira. Ga ta nan gare ku, sai dai wannan babu gizo a cikinta, mutane ne irinmu. In na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗi ne kawai.

Akwai wata mata sunanta Kubura, tana aiki a wani babban gidan wanki a Kaduna, can wajen Kakuri. Ba irin wankinmu na bakin rijiya ba. Zannuwan gadon asibiti da na otal ake kawo musu a mota, tuli guda, wasu da jini, wasu da maiƙo, wasu ma abin da ke jikinsu ba ya faɗuwa. Injinan wankin kuwa, kowanne mutum uku za su shiga cikinsa su zauna. In suka tashi gaba ɗaya, sai ka kai bakinka kunnen mutum kafin ya ji ka.

Kubura ta daɗe a gidan miji ba ta riƙe nata ɗa a hannu ba. Ciki ya shiga ya zube, ya sake shiga ya sake zubewa, har ta daina faɗa wa kowa. Sai ga wannan Allah ya tsayar da shi, ya girma, ya kusa watansa. Mijinta Malam Ɗan'asabe, mai gyaran keken ɗinki, kullum sai ya ce mata ta zauna a gida haka nan. Ita kuma ta ce bari dai watan ya mutu.

To, a bayan injinan akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki, ɗakin kemikal suke ce masa. Sabulun da ake wannan wanki da shi ba sabulu ba ne irin na hannu. Ruwa ne mai ƙarfin tsiya a jarka, in ya ɗiga a fata sai ya ci. Da can da kofi mata suke ɗiba su sirka a bokiti, hannuwansu duk sun saɓule, wata ma farcenta ya fita. Shi ne mai gidan wankin ya sa aka kafa wata na'ura a bango, farin akwati mai 'yan famfuna a jiki. Kowane famfo da siririn tiyonsa da ya sauka cikin jarkarsa. Akwai ta sabulu, akwai ta bilic mai faranta zane, akwai ta ruwan tsami da ake sawa a ɗaurayar ƙarshe ya kashe kaifin sabulu. In inji ya nemi abu, na'urar ce za ta zuƙo daidai awo, ta sirka da ruwa, ta tura masa. Hannun kowa ba ya taɓawa. Matan suka sa mata suna Mai-awo.

Jarkokin duk farare ne, iri ɗaya, amma kowace da launin wuyanta, kowane tiyo da launin kansa. Kan ja ba ya shiga wuyan shuɗi ko za ka wuni kana turawa. Wuyan kuma a like yake, an yi shi ne don kada a juye. Akwai ƙararrawa da ke kuka in jarka ta ƙare, akwai fanka a bango mai fitar da wari, a bakin ƙofa kuma akwai famfon sama, mai zubo ruwa kamar ruwan sama in aka ja sarƙarsa, saboda tsautsayi. Mutumin da ya kafa na'urar ya tara su ya ce abu ɗaya yake roƙo: kada a taɓa haɗa ta wannan jarka da ta waccan. In bilic ya gamu da ruwan tsami, hayaƙin da zai tashi kisa yake yi.

Sun ji. Amma kun san jarka a unguwar da ruwa sai an saya. Waɗannan kuwa masu kauri ne, ba sa fashewa. Matan suka mai da su kamar adashi, in ɗaya ta ƙare, yau ta wance ce, ta gaba ta wance. A wanke ta da toka da omo, a shanya a rana, a kai gida. Sai dai tiyon ba ya kaiwa gindin jarka, kullum akwai ragowa kamar kaurin yatsa uku. Su kuma ba su iya zubar da abu mai amfani ba, tun a gida ba a koya musu haka ba, almubazzaranci ne. Sai su ɓalle wuyan da bakin cokali, su juye ragowar a sabuwar jarka 'yar'uwarta. Kuma ba launi suke dubawa ba, wuri suke dubawa. Kowa ya san bilic ita ce ta biyu daga ƙofa. An daɗe ana haka ba abin da ya faru.

Wata jarkar bilic ta kusa ƙarewa. Asali layin wata ce mai suna Suwaiba, amma Kubura ta riga ta roƙi manyan matan a bar mata, tunda haihuwa na tafe, za ta sha buƙatar ruwa. Aka bar mata ba a ko tambayi mai layin ba. Suwaiba ta ce, "Wato mu da ba mu da ciki ba ma shan ruwa ke nan?" Kubura ta mayar mata da wadda ta fi ta zafi. Tun daga ranar ba sa ga maciji, ko sallama ba ta haɗa su.

Ranar da abin ya faru, ana dab da azahar, Kubura ta faki idon manaja ta shige ɗakin kemikal, ta tura ƙofa. Makunnin fitila da na fanka ɗaya ne, ita kuma ba ta so a ga haske ta ƙasan ƙofa, sai ta bar shi a kashe. Ta jawo jarka ta biyu, ta zare tiyonta, ta kau da kai gefe kamar yadda suka saba don kada tiririn ya bugi ido, ta ɓalle wuyan da lalube. Abin da ba ta sani ba, da safe mai kawo kaya ya sauya wa jarkokin wuri. Ita na'ura ba ruwanta da wuri, launi ta sani. Ta biyu daga ƙofa ranar nan ruwan tsami ce.

Ta ɓalle wuyan sabuwar jarkar bilic ma. Tana tuntsura ragowar a cikinta ta ji abu ya yi fuuu, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ta razana, jarkar ta suɓuce, ya fallatso mata a fuska da ƙirji. Ta nemi numfashi, ta ji kamar barkono aka ɗura mata. Ta yi ihu, injina suka haɗiye ihun. Ta laluba ta kai ƙofa, ƙafafunta suka ƙi, ta sulale a jikin ƙofar tana riƙe da cikinta. Abin da ta iya tunawa na ƙarshe, a zuciyarta ta ce, "Ya Allah, in ka fitar da mu, in mace na haifa, sunan wadda ta cece mu zan sa mata." Daga nan duhu. Sauran duk ba ta labari aka yi.

Mata uku ne suka cece ta. Ta farko ita ce Inna Yahanasu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, mai ninke zannuwa. Teburinta yana jikin bangon ɗakin kemikal, in ƙugunta ya gaji sai ta jingina bayanta da bangon. Da haka ta san bugun Mai-awo kamar yadda uwa ta san numfashin ɗanta. Ranar ta jingina, sai ta ji bangon yana wata irin rawa, famfo na zuƙar iska babu komai. Da ƙararrawa ce za ta sanar, amma ƙararrawar an daɗe da toshe mata baki da tsumma, saboda tana sa mutane ciwon kai. Yahanasu ta duba wurin Kubura, ba kowa, mayafinta na rataye. Ta tambaya, aka ce ai ta tafi alwala. Ta ce butarta ga ta nan a cike. Aka ce, "Inna, kin cika sa ido." Ba ta saurare su ba. Ta zagaya, ta durƙusa da ciwon gwiwarta ta kai hanci ƙasan ƙofa, warin ya mayar da ita baya. Ta yi ta kira ba mai jin ta. Sai ta tafi babban makunnin da aka ce duk wanda ya taɓa a bakin aikinsa, ta kama shi da hannu biyu ta ja ƙasa. Gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan ta ce, "Kubura na ciki." Maza suka taho za su banke ƙofa, ta tare, ta ce mai ciki ce kwance a bayanta, kuna bugawa cikin za ku buga. Daga baya da aka zaro tsumman da ke bakin ƙararrawa, sai ga shi yagen tsohon ɗankwalinta ne, kowa ya san shi. Ba ta musa ba. Aka sallame ta daga aikin da ta tsufa a cikinsa.

Ta biyu ita ce Suwaiba, wadda suke gaba. Ƙofar ta ciki take buɗewa, kuma jikin Kubura ya tokare ta, ba ta buɗuwa sai kamar taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Hayaƙi na fitowa ta wurin, ruwan ɗorawa mai kore-kore, duk wanda ya matso sai ya ja baya yana tari. Babu namijin da zai wuce ta wannan tsaga. Suwaiba siririya ce kamar sillen kara. Ba wanda ya ce ta shiga, ba ma wanda ya tuna da ita. Ta fizgi rigar matashi a kwando, ta tsoma a ruwa, ta ɗaure hanci da baki, ta ce, "Ku ba ni hanya." Ta kutsa a kaikaice, ƙarfen ƙofa ya yage mata kafaɗa. A ciki ba ta ganin komai, idonta ruwa kawai yake. Ta lalubo Kubura, ta ɗaga ta ta hammata don kada cikin ya gogi ƙasa, nauyi ya fi ƙarfinta, numfashin da ta riƙe ya ƙare. Dole ta shaƙa. Ta shaƙa ta sake shaƙa, har ta janye ta daga bayan ƙofa, ta buɗe da ƙafa, maza suka karɓa. Ita da rarrafe ta fito. Suwaiba kuwa a unguwarsu ba a biki ba a suna sai an aika mata, saboda guɗarta. In ta rangaɗa, sai an ji a layi na uku. Tun daga ranar muryar ta tafi. Magana ma sai ka matso, kuma tarin bai bar ta ba har yau.

Ta uku ita ce Rifkatu, 'yar Kafanchan, Kirista ce, ita ke guga. Famfon saman nan na bakin ƙofa, da ba don ita ba da tuni ya mutu. Kowa ya mai da ƙarƙashinsa wurin jibge kwanduna, sarƙarsa wurin rataya mayafi. Ita kuma ƙanenta ya rasa ido ɗaya da ruwan batir a gareji, don ba a sami ruwa kusa ba. Saboda haka kullum da safe sai ta kwashe kwandunan, ta ja sarƙar ta wanke ƙafa, don kada tsatsa ta toshe shi. Har tsiya suke mata, suna ce mata mai gadin famfo. Da aka fito da Kubura, mata suka rufu a kanta, wannan ta kawo manja, waccan ta aika a sayo madara, za su ɗura mata, tunda haka muka saba yi wa wanda ya sha guba. Rifkatu ta ture hannun mai manja, ta ce, "Wadda ba ta cikin hayyacinta za ku ɗura wa? Ai ba sha ta yi ba, shaƙa ta yi! Ku ja baya ta sami iska." Aka zage ta, wata ta ce me ta sani. Rifkatu ta kori mazan, ta sa aka kare su da zannuwan gado, ta tuɓe wa Kubura rigar da ta jiƙe da kemikal, ta kwantar da ita a gefenta a kan cinya, ta ja sarƙa. Ruwa ya zubo. Ta buɗe mata ido da yatsa tana bari ruwan na bi, ana cewa ya isa, tana cewa bai isa ba, har motar kai kaya ta juyo. Kafin su tafi, matan suka ja Rifkatu gefe suka ce a asibiti a ce jiri ne ya kwashe ta kemikal ya zube, kada a ambaci juye, in ba haka ba dukkansu sun shiga uku. Rifkatu ta shiga motar. Ashe ta tsinci wuyan jarkokin nan biyu da aka ɓalle, ta ƙulle a bakin zane. Likita na tambayar me ta shaƙa, ta kwance ta ajiye a gabansa, ta faɗi komai. Nan take suka san abin da za su yi. Maganar ta kai kunnen mai gidan wanki, aka sa wa ɗakin kwaɗo, adashin jarka ya mutu, aka yi wa kowa kashedi. Rifkatu tana nan a bakin aikinta, amma ita kaɗai take cin abincinta. In ta yi gaisuwa, bango ne ke amsawa.

Kubura ta farfaɗo da abin numfashi a hancinta. Abu na farko, ta kai hannu cikinta, ta ji ya motsa. Ba a jima ba naƙuda ta taso kafin lokacinta, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, amma da ranta da kukanta. Idon Kubura ya tsira, na hagu ne kawai ya rage gani. Likitar mata ta gaya mata gaskiya a hankali, ta ce ta riƙe wannan da kyau, da wuya a sake samun wata.

Wata nas mai yawan magana da ta ji labarin ta ce mata, "Ke kam Allah na son ki. Da an ƙara jimawa ba a san kina ciki ba, da shi ke nan. Da an sani ba a sami mai shiga ba, da shi ke nan. Da an fito da ke an ɗura miki manjan nan ya bi ta huhu, ko mu an ɓoye mana abin da kika shaƙa, da shi ke nan." Kubura ta juya fuska bango ta yi kuka, don ta tuna alkawarin da ta yi a bayan ƙofa.

Ta faɗa wa mijinta. Shi da ma sunan mahaifiyarsa ya ajiye tun shekarun baya. Amma ya ce, "Alkawarin Allah ya fi nawa. Na bar miki. Wace ce a cikinsu?" Ta ce ba ta sani ba.

Ya je ya tambayi limamin unguwa ko za a haɗa sunayen uku. Liman ya ce ita a alkawarinta wadda ta ce, ba waɗanda ba, kuma takwara ba goro ba ce da za a ɓara a raba. Dangi suka sa baki. Yayar mijin ta ce Yahanasu ai ita ta toshe ƙararrawa, da ƙararrawar ta yi kuka da ba a kai ga haka ba, ya za a saka wa mai laifi da takwara? Wata ta ce Suwaiba da ba ta ko gaishe ta, wa ya san ko don kunyar idon mutane ta shiga? Wani kawu ya ce Rifkatu ba addininsu ɗaya ba. Liman ya ce sunan dai babu laifi a cikinsa, na matar Annabi Ishaƙa ne. Kubura na jin su. Ta san tsohuwar da ta toshe ƙararrawar ita ce ta zama ƙararrawar. Ta san kunyar ido ba ta sa mutum ya shaƙi mutuwa. Ta kuma san cinyar da ta kwanta a kai ba ta tambaye ta addini ba.

Sai ta aika wa kowaccensu, ko wata za ta sauƙaƙa mata. Yahanasu ta ce, "'Yar nan, ni hancina kawai na kai. Ki ba mai muryar da ta tafi." Suwaiba ta matso da bakinta kusa da kunnen 'yar aike ta ce, "Gawa na jawo, Rifkatu ce ta mai da ita mutum. Kuma ki ce mata jarkar na yafe." Rifkatu ta ce, "Da Mama ba ta ja makunnin nan ba, da guga nake yi har a tashi. Ni ruwa kawai na zuba."

Ranar suna ta zo. Da safe maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi, an raba goro da dabino, ragon na ɗaure, wanzami ya shimfiɗa kayansa. A tsakar gida Inna Yahanasu na zaune tana tsince shinkafa, ba inda za ta je yanzu. Rifkatu na ɗauko ruwa a bokiti daga wurin mai kura, tana cika randa, don ba jarka a gidan. Suwaiba na bakin gado da jaririya a hannu, in tari ya taso mata sai ta kau da kai. Mata na ta raɗa, yau wa zai yi guɗa?

Malam Ɗan'asabe ya shigo, ya tsaya a bakin labule, ya ce, "Kubura, liman na jira. Rana na ɗagawa. Wane suna zan faɗa masa?"

Kubura ta dubi tsohuwar, ta dubi mai bokiti, ta dubi wadda ke riƙe da 'yarta. 'Ya ɗaya ce, ba kuma wata a bayanta.

Nan na ajiye muku ita. Ga wadda ta gane, ta rasa aikinta. Ga wadda ta shiga, ta rasa muryarta. Ga wadda ta wanke ta kuma faɗi gaskiya, ta rasa mutanenta. To, ku da kuke zaune, sunan wa ya kamata a raɗa wa 'yar Kubura?